Wata bakwai ina kokawa da kilo 100

Kilo 97.5 ne iyakata a ɗaga ƙarfe ina kwance a kan benci. Na tura shi sau ɗaya, na rubuta a littafina da murna, daga nan kuma ƙarfe ya kafe. Wata bakwai cur, duk ranar Litinin sai na ɗora kilo 100, na kwanta, na sauke sandar a ƙirji, ta taso kamar taƙi ɗaya ta tsaya cak. Wanda ke tsaye a kaina ya kama, na tashi ina haki da ɓacin rai.

Wani dattijo da muke ɗaga ƙarfe lokaci ɗaya, wanda nake kira Baba, shi ya ja ni gefe wata rana. Ya ce ya lura kullum jarrabawa nake zuwa rubutawa, bai taɓa ganin ranar da na yi karatu ba. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Gwada iyakar ƙarfi kowane mako gajiya kawai yake tara wa jiki, ga kafaɗata ta dama da ta fara ƙorafi.

Sai na koma kilo 75, wato sandar mai kilo 20 da 27.5 a kowane gefe. In tura sau biyar a jere, zubi ɗaya ke nan, in yi zubi biyar, hutun minti uku ko fiye tsakanin zubi. A da minti ɗaya nake hutawa, ina ganin zama lalaci ne, ashe ƙarfin zubi na gaba nake cinyewa. Idan na kammala duka ba tare da sandar ta karkace ba, mako mai zuwa in ƙara kilo 2.5. Idan na gaza, in maimaita nauyin. Kowane mako na huɗu in rage kaya sosai, jiki ya sarara. Barci kuma na mai da shi awa bakwai zuwa takwas.

Farantan ƙarfe biyu da ake ɗorawa a gefen sanda, masu kilo 1.25 kowanne, waɗanda kullum ke yashe a kusurwa ba mai kula su, su suka zama abokan tafiyata. Har yanzu ina jin takaicin yadda masu farawa ke raina su, su yi tsalle daga 80 zuwa 90, su gaza, su ce ƙarfinsu ya ƙare. A 2016 gwanin ɗaga ƙarfe Eddie Hall ya ɗago kilo 500 daga ƙasa a Ingila. Sai a 2020 Hafthor Bjornsson ya ɗago 501. Shekara huɗu, kilo ɗaya, tsakanin mutanen da wannan ne aikinsu.

A mako na goma sha ɗaya na tura kilo 90 sau biyar a zubin farko. Akwai lissafin Epley da ake kintata iyakar mutum da shi: a raba yawan turawa da 30, a ƙara 1, a ninka da nauyin. Nawa ya ba da 105. Kintace ne, yakan ɗan saɓa, amma ya sa na san lokaci ya yi.

Na huta kwana uku. Ranar gwaji na ɗumama jiki da 60, 80, sannan 92.5, na roƙi Baba ya tsaya mini. Ƙafafu a kafe a ƙasa, kafaɗu a matse a baya, na cika ciki da iska. Kilo 100 ya tashi a hankali, ya ɗan yi jinkiri a daidai wurin da ya saba tsayawa, ya wuce. Baba bai taɓa sandar ba. Na so in ɗora 105 nan take, ya girgiza kai, ya miƙo mini ƙananan farantan nan. Bayan minti biyar 102.5 ma ya tafi.

Litinin ɗin da ta biyo baya na buɗe sabon shafi a littafin, na fara daga 80.