Minti goma da na saki hannun Kawu

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 ni na yi wa Kawu jagora zuwa rumfar zaɓenmu a Argungu. Shekara tara ke nan da idanunsa suka rufe, amma katin zaɓensa kullum yana aljihun gaba, naɗe cikin leda.

Kuskurena na farko, na sa shi a layi. Ashe masu buƙata ta musamman, da tsofaffi da masu juna biyu, gaba ake shigar da su. Da na buɗe baki na yi wa malamin zaɓe magana, da tun hantsi mun koma gida. Sai muka tsaya rana tana dukanmu har ya ce, "Ɗan nan, samo mini ruwa." Na jingina shi da bangon aji, na tafi.

Minti goma ne fa. Na dawo da ruwan leda biyu na tarar an tantance shi da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, wani ejan na jam'iyya ya riƙe masa hannu zuwa wurin dangwale, wai taimako. Takarda uku, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai, duk sun shige akwati. Kawu ya ce ya faɗi wanda yake so, mutumin ya ce to, ya ɗora masa yatsa. A ina? Allah kaɗai ya sani. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga baya na bi sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022: makaho shi zai zaɓi wanda zai raka shi, kuma ƙa'idar hukumar zaɓe INEC ta hana ejan wannan aiki. Akwai ma tanadin jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi, sai dai Kawu da girmansa ya makance, bai koyi karanta shi ba. Hannuna kaɗai gare shi, ni kuwa na sake shi saboda ruwa.

Zaɓen gwamna, 18 ga Maris, da gorar ruwa na fito daga gida. Muna isa na ce wa malamin zaɓe, "Ni ya zaɓa in raka shi," Kawu ya tabbatar da bakinsa. Na karanta masa jam'iyyun ɗaya bayan ɗaya har muka zo kan tasa. Ya laluba gurbin da kansa, ya tambaye ni sau biyu ko nan ne, sannan ya dangwala.