Rumbunan Kashin Shanu a Hanyar Agra

Jinyar yayana ce ta kai ni Delhi, a ƙasar Indiya, a watan Janairu. Da aka yi aiki lafiya, likita ya ce sai mun ƙara mako biyu kafin a sallame mu. Yayan nawa ya gaji da ganina zaune a gefen gado, ya ce in tafi Agra in ga Taj Mahal, shahararren ginin nan na farin dutse, in ba shi wuri ya sha iska. Na ɗauki shatar mota. Akwai sabuwar hanya, Yamuna Expressway, wadda aka buɗe a 2012, amma direban ya ce hazo ya yi kauri, gara mu bi tsohuwar hanya ta Faridabad da Palwal da Mathura. Sai daga baya na gane cewa goggonsa na wani ƙauye kusa da Hodal, a jihar Hariyana, kuma yana da saƙon da zai ajiye mata.

Bayan mun wuce Palwal na fara ganinsu. Wasu abubuwa kamar faifai, masu launin ƙasa, an manna su sahu-sahu a jikin katanga, wasu an jingina su biyu-biyu a bakin gona, kowanne da shatin yatsu biyar a kansa. Can kuma ga wasu 'yan ɗakuna babu ƙofa babu taga, an yi musu zane a jiki. Na ce wa direba, "Waɗannan rumbunan hatsi ne?" Ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Yallaɓai, kashin shanu ne, ciki da waje." Ɗanyensa suna kiransa gobar, wanda aka mulmula aka shanya upla, rumbun kuma bitora. Ni dai na ja gilashin mota na rufe, na kuwa yi hakan ne tun kafin wani wari ya iso ni.

Mun tarar da goggon a bayan gida, durƙushe gaban daro. Ɓakane uku na ɗaure a turke, baƙaƙe wuluk masu nannaɗaɗɗen ƙaho, irin da ake kira Murra, ɓaunar gida da Hariyana ta yi suna da ita wajen madara. Tsohuwar tana cakuɗa kashin da tattakar alkama, ta cura, ta buga a ƙasa, ta danna da tafin hannu. Ban ƙirga ba, amma kafin mu gama gaisawa ta cika sahu guda. Tattakar ce ke riƙe shi kada ya farfashe, ita ce kuma ke ba wuta hanyar shiga. Bayan 'yan kwanaki a juya shi, in ya bushe ƙayau a jera shi a rumbu, a yaɓe bayan rumbun da ɗanyen kashi don kada ruwa ya shiga. Duk wannan aikin na lokacin sanyi da bazara ne. Da damina ta sauka wajen ƙarshen Yuni, shanya ta ƙare, sai a huda rumbu ta gefe a riƙa zara.

Direba ya ce, "Goggo, baƙonmu ya ɗauka hatsi kika tara." Ta ɗago ta dube ni, ta faɗi wata magana, ya fassara mini: hatsin ma ai ba a cinsa ɗanye.

Na ɗauki guda ɗaya busasshe na shinshina, ina jiran abin da na rufe gilashi dominsa. Ƙanshin busasshiyar ciyawa kawai na ji. Da muka shiga tsakar gida aka shimfiɗa mini a kan wani daɓe mai santsi, na zauna na miƙe ƙafa, sannan aka gaya mini shi ma da kashin shanu da laka aka shafe shi, kuma ana sabunta shafen lokaci-lokaci don ya kwantar da ƙura. Ban tashi ba. A kusurwa akwai wani rami na laka, an cika shi da upla, tukunyar madara na bisa tun asuba. Wutarsa ba ta da harshe, ci take a hankali kamar garwashi, shi ya sa mace za ta ɗora madara ta tafi gona ba ta tsoron ta ƙone. Tokar kuma da ita ake wanke tukwane, ragowar a watsa a gona.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ɗakin girki. Da surukar goggon ta hura murhu, minti biyu ban yi ba na fito ina hawaye. Rufin ɗakin baƙi ƙirin, ita kuwa yarinyar ko a jikinta, sai dai tari jefi-jefi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mai durƙuso gaban murhu da ɗan da ke kusa da ita su suka fi shaƙarsa. Abin mamaki, ga tukunyar gas ja a gefe, an rufe ta da ƙyalle. Sun same ta ne a shirin Ujjwala da gwamnatin Indiya ta fara a 2016 don matan gidajen talakawa. Da ita aka dafa mini shayi. Cika ta sai da kuɗi, kashi kuwa ɓauna ke bayarwa kullum safiya, don haka gas ya zama na baƙo da na sauri.

Maƙwabcinsu ne ya ja ni ya nuna mini tasa dabarar, gobar gas, wato gas ɗin girki daga kashin shanu. Rami ne da aka gina da bulo aka rufe da ƙubba a ƙarƙashin ƙasa. Kullum a dama kashi da ruwa daidai wa daida a zuba, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ruɓar da shi inda babu iska, gas ya taru a sama ya bi bututu zuwa murhu. Kashi kilo 25 na ba da gas kusan kubik mita ɗaya. Ya kunna, wuta shuɗiya, ba hayaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne kwatar da ke fita ta ɗaya gefen: taki ne cikakke. Wanda ya ƙona upla ya ƙona takin gonarsa, sinadarin naitirojin ya bi hayaƙi, shi kuwa wannan ya yi girki kuma gona ta samu rabonta. Sai dai ya yi ƙorafin cewa a sanyin Janairu gas ɗin raguwa yake, kuma ramin na son ruwa da shanu da yawa da kuɗin gini. Goggo ta ce ita ba ta haƙa rami don abin da hannunta ke yi kyauta. Na so in ce huhun surukarta ke biya, amma baƙo ne ni, da kofin shayinsu a hannuna.

Sai bayan azahar muka isa Agra. A layin shiga direba ya matso ya ce mini a 2015 hukumomin birnin sun hana ƙona kashin shanu a cikinsa, saboda bincike ya nuna hayaƙi na cikin abubuwan da ke dusashe farin dutsen Taj Mahal. Na ɗaga hannun rigata na shinshina. Hayaƙin ɗakin girkin nan yana nan daram, da shi na shiga.