Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har na tsaya da ƙafafuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya jarrabe ni da ciwo, kuma Ya kewaye ni da mutanen kirki. A madadin maigida da yara, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci addu'ar da aka yi a gidanmu da ke Pantami ranar Asabar, da 'yan'uwan da suka taso daga Kumo da Bajoga da Dukku, da na Bauchi da suka yi sammako, da waɗanda uzuri ya riƙe suka bugo waya. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Yawancinku kun san sankarar mama na yi, aka yi min aiki da kemo, wato ɗura maganin kashe ƙwayoyin sankara a jiki, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Likitoci da ma'aikatan jinya na ɗakin kemo, Allah Ya biya ku. Hamma da ya sayar da bijiminsa, 'yan adashenmu da suka bar min kwasa ba layina ba, matan Islamiyya da suka riƙa karɓa-karɓar kawo abinci, Allah Ya mayar muku da ninkinsa.

Akwai kuma wani kashi na jinyar nan da ba kowa ya gani ba, shi ne lalurar da maganin kansa ya bar min a ƙafa da hannu. Mutanen da suka tsaya min a kanta su nake so in daɗe ina ambato.

Tun ana tsakiyar kemo na fara jin yatsun ƙafata suna minjirya, daga baya tafin ƙafar ya sage, kamar na sa safa mai kauri ina taka ƙasa. Da dare kuma sai zugi, ko mayafi ya taɓa yatsun sai na janye. Wata rana na fito daga maƙwabta, har na kai ƙofar gidanmu sai ga yarinya ta biyo ni da silifas ɗina wari ɗaya. Tun a zaurensu ya fice, ni kuwa ban ji ba. Hannu ma bai tsira ba. Ni da nake cin abinci da keken ɗinki, na koma ba na iya zura zare a allura, maɓalli ya gagare ni, in ina jan carbi ba na jin ƙwayar da ta wuce sai na duba da ido. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne salla. In na ɗago daga ruku'u sai in yi tangaɗi, dole na koma yinta a zaune, wurin alwala kuma sai an riƙe ni kafin in wanke ƙafa.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake gani. Wasu suka ce sanyi ne ya shige ni, wasu suka ce na taka wani abu, wasu a bayan ido suke cewa ɓarin jiki ne zai shanye. Shawarar da ta fi yawa ita ce in kwanta in huta, kar a bar ni in ɗaga ko tsinke. Na san ƙauna ce ta kawo haka, kuma na gode. Sai dai kwanciyar ƙara narkar da ni ta yi, cinyoyi suka saki, tashi daga tabarma ya zama aiki.

Likitan da ke duba ni shi ya fara kwantar min da hankali. Ya ce maganin da ake ɗura min, paclitaxel, yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda suka fi tsawo su ne ke fara jigata, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa. Wasu magungunan kemo irin su cisplatin da oxaliplatin da vincristine duk suna yin haka, mai ciwon suga kuma ya fi saurin kamuwa. Ya rage min yawan maganin a sauran zagayen, ya rubuta min duloxetine saboda zugin dare, amma bai ɓoye min ba, ya ce ƙwayar zugi take ragewa, ba ta dawo da ji, ba ta hana faɗuwa. Daga nan ya tura ni sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar atisaye da motsa gaɓoɓi. Ɗana da ke karatu a jami'ar jiha shi ma ya nemo min wani nazari na 2014 da ya tattara bayanan majinyata sama da 4,000: kashi 68 cikin 100 suna da matsalar a watan farko bayan gama kemo, kashi 60 bayan wata 3, kashi 30 kuma tana bin su har bayan wata 6. Da na ji haka na san ba wani ya yi min ba, kuma ba ni kaɗai ba ce.

Likitar fisiyo da ta karɓe ni sa'ar babbar 'yata ce, Mama take ce min. Ranar farko ta ce in haɗe ƙafafu in rufe ido. Ina rufewa na tafi luu, ta tare ni da kafaɗarta. Sai ta zaunar da ni ta ce, "Mama, abu uku ne ke riƙe mutum a tsaye: ido, da cikin kunne, da saƙon da ƙafa ke aikawa. Na ƙafa ya yi rauni, shi ya sa kike dogaro da ido, shi ya sa kuma duhu ke kayar da ke. Za mu koya wa jikin ya yi aiki da abin da ya rage." Wallahi bayanin nan kaɗai ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, don na lura in an ɗauke wuta ba na iya kaiwa banɗaki sai da lalube.

Abin da ta ɗora ni a kai ba ya buƙatar ko sisi. In tsaya kusa da bango ina dafe da bayan kujera, ƙafafu a haɗe, daƙiƙa 20, in huta, in sake. Da na saba sai ƙafa ɗaya gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Daga baya tsayuwa da ƙafa ɗaya, sannan a kan sallaya da aka ninka. Ga tashi daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba, ga ɗage diddige da sauke shi, ga tattaro tawul da yatsun ƙafa. Na hannu kuwa tsintar wake ne ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa kofi, da ɓalle maɓallan tsohuwar riga a mayar, da matsa ƙwallon roba. Duk sanda na gaji na ce abin wasan yara ne, sai ta yi murmushi ta ƙara min mai ɗan wuya. Ita da abokan aikinta, Allah Ya yi wa rayuwarsu albarka.

Amma likita a asibiti take, atisayen kuwa a tsakar gida ake yinsa kullum, kuma mutum ɗaya ce ta ɗauke shi a kanta. Yaya, uwargidanmu, ba ni da bakin gode miki. Ke ce kike tsayawa a bayana hannuwanki a buɗe kusa da ƙuguna, ba ki taɓa ni ba, ba ki kuma matsa ba. Ke ce kike tashina bayan Asuba ki miƙo min hijabi ki ce mu je. Muka fara da zagaya tsakar gida, muka koma layinmu mai yashi da ke kama ƙafa, har muka kai titin filin wasa na Pantami muka dawo. Da wasu suka fara cewa me ya kai matan aure yawon motsa jiki da sassafe, ke kika ba su amsa, ni ban ce uffan ba. Ranakun girkina ke kika yi su, ba ki taɓa goranta min ba. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya miki zuri'a.

Autata ita ce mai ƙirga daƙiƙa da agogon waya, ba ta yafe ko ɗaya. Ita ce kuma mai lissafin tafiya, tunda ta ji likita ta ce burin shi ne a kai minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato minti 30 sau 5, a hankali ba a rana ɗaya ba.

Maigida kuma shi ne mai gadin ƙafar. Kowane dare sai ya haska tafin da tocila ya duba har tsakanin yatsu, ko ƙaya ta shiga, ko faso ya buɗe, tunda ƙafar da ba ta ji ba za ta kawo ƙara ba. Shi ya sayo min takalmi rufaffe ya ɓoye silifas. Shi ya hana a gasa min ƙafa da ruwan zafi ko a kanga ta a garwashi, duk da masu ba da shawarar manya ne da ake jin nauyinsu, ya ba su haƙuri cikin ladabi. Ruwan wanka da na alwala da gwiwar hannu nake gwada zafinsu. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, simintin tsakar gida kaɗai ya isa ya ƙona tafin ƙafa mutum bai sani ba. Malam, Allah Ya ƙara rufin asiri.

Masu tambayar yaya jikin yanzu: yatsun ƙafar har yau da sauran sagewa, kuma likita ya ce wasu tana tafiya gaba ɗaya, wasu tana raguwa ne kawai. Amma na daina tangaɗi, ina wanke ƙafata da kaina, kuma na koma salla a tsaye. Ranar da na idar da raka'o'in Azahar ban dafa bango ba, ni da Yaya muka zauna muka sha kuka.

Ina roƙon duk mai ɗan'uwa a kan kemo ya isar masa da wannan. Da zarar yatsu sun fara minjirya a gaya wa likita a zuwa na gaba, kar a ɓoye don tsoron a dakatar da magani, kar kuma a nufi kemis a sayi maganin zugi da ka. A nemi a haɗa mutum da fisiyo tun da wuri. A wani gwaji da aka yi a Jamus da majinyata 158 masu karɓar oxaliplatin ko dangin vincristine, wanda aka wallafa a 2024, kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda ba su yi atisaye ba jijiyoyinsu sun taɓu, amma cikin masu atisayen daidaita tsayuwa sau 2 a mako tun ana cikin kemo, kashi 30 ne. Sai dai kowa da irin jikinsa. Mai zazzaɓi, da mai jiri, da wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, da wanda ciwon ya taɓa ƙashinsa, kar ya fara komai sai likitansa ya yarda, kuma kar a bar mara lafiya ya gwada tsayuwar nan shi kaɗai ba abin dafawa.

'Yan'uwana da muka zauna layi ɗaya a ɗakin kemo, waɗanda ke kan magani Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa kaffara ne. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Sai masu ɗinki da kayansu suka daɗe a wurina. Babu wadda ta aiko a karɓi atamfarta da faɗa, wasu ma kuɗin ɗinkin suka turo tun ba a yanka ba. Na gode ƙwarai. Likitar fisiyo ta amince in koma kan keke kaɗan-kaɗan, da safe kawai. Zan bi kayan yadda aka kawo su, wadda nata ya kammala zan aiko yaro ya sanar da ita.

Wassalam.
'Yar'uwarku, daga Pantami, Gombe.