Na je Łódź neman tsoho mai furfura

Matar da ke sayar da tikiti a babbar tashar jirgin ƙasa ta Warso sai da ta sa na maimaita sunan garin sau uku. Ina cewa "Lodz" yadda na ga an rubuta, ita kuma tana kallona ta bayan gilashi kamar na tambaye ta motar Funtuwa. Da na gaji na rubuta mata a takarda, sai ta yi murmushi ta ce, "Wuj." Ashe haka masu garin ke kiransa. Harufa huɗu kacal, amma sun kunyata ni a gaban layi.

Taron da ya kai ni ƙasar Polan ya ƙare ran Juma'a, jirgina kuma sai Litinin. Abokan tafiya suka ce kasuwa za su shiga neman tsaraba. Ni kuwa ziyara biyu ke raina, kuma duk a gari ɗaya: ɗan yayata da ke karatun likita a Łódź, da wani tsoho wanda ya rasu tun 1982, ban taɓa ganinsa ba sai a bangon kaset.

Kaset ɗin a Kasuwar Barci ta Kaduna na tsince shi ina saurayi, cikin tarkacen wani mai gwanjo. Hoton wani Bature ne a jiki, gashinsa fari fat ya yi buzu-buzu, ya ɗaga haɓa sama kamar sarkin da ake wa kirari. An rubuta Arthur Rubinstein, wato makaɗin fiyanon da ke hoton, a ƙasa kuma Chopin, wanda ya tsara kiɗan. Na saya don in goge in ɗauki wani abu a kai. Da dare na ce bari in ji abin da zan goge. Har yau ban goge ba, zaren ne dai ya tsinke don kansa.

Tafiyar ba ta cika awa ɗaya da rabi ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonaki da kurmi, ba dutse ba tudu, ga hazon sanyin ƙarshen Oktoba ya rufe komai. Tashar da muka sauka, Łódź Fabryczna, a ƙarƙashin ƙasa take, sabuwa ƙal, ta yi wa fasinjojinta yawa. Yaron yana tsaye da hular sanyi har kunne.

"Kawu, sannu da hanya. Wai da gaske wajen makaɗi ka zo?"

Na ce masa wajensa na zo, makaɗin rakiya ce. Bai yarda ba, kuma yana da gaskiya.

Duk wanda ya tashi a Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, in ya shiga Łódź sai jikinsa ya yi sanyi. Garin masaƙa ne. A ƙarni na 19 ya tashi daga ɗan ƙauye ya zama cibiyar saƙar auduga, ko'ina jan bulo da dogayen bututun hayaƙi. Masaƙun sun mutu bayan faɗuwar gurguzu, kamar yadda namu suka mutu, sai dai su ba su bar wa ƙadangaru ginin ba. Babbar masaƙar Izrael Poznański an mai da ita kantuna da gidajen abinci a 2006, ana ce mata Manufaktura. Na tsaya a filin na tuna jiniyar tashi daga aiki da kekunan ma'aikata da ke cika titi ina yaro. Mahaifin Rubinstein ma ƙaramar masaƙa gare shi a nan, kuma ta karye. A garin nan aka haifi Rubinstein ranar 28 ga Janairu 1887, auta cikin 'ya'ya bakwai na wani gidan Yahudawa.

Muka bi titin Piotrkowska a ƙafa, miƙaƙƙen titi mai tsawon sama da kilomita 4. A gaban gida mai lamba 78, inda ya yi ƙuruciya, ga shi nan an zuba shi da tagulla yana zaune gaban fiyano, yatsu a kan maɓallai. An bar wuri a bencin don mai son hoto ya zauna kusa da shi, har wurin ya yi sheƙi don yawan zama. Gaskiya gunkin bai burge ni ba, fuskar ta yi tauri. Wanda ya fi kama da mutumin da na sani a kaset shi ne ƙaton zanen da wani ɗan Burazil, Eduardo Kobra, ya yi a bangon wani bene a titin Sienkiewicza, launuka barkatai, tsohon ya yamutsa fuska yana wasa kamar kaka da jikoki.

A cikin gidan Poznański, wanda yanzu gidan tarihin garin ne, aka ware wa Rubinstein ɗakuna. Akwai lambobin yabo, da hotuna, da kayan sawarsa, da faya-fayan garmaho. Gaban faya-fayan na daɗe, don labarin da ya fi kama ni a rayuwarsa a nan yake.

Shi dai baiwa Allah ya ba shi tun yana ɗan mitsitsi. Joseph Joachim, babban mai goge na zamanin, ya saurare shi yana ɗan shekara 4, daga baya ya tsaya masa ya yi karatu a Barlin. Yana da shekara 13 ya yi wasa tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin, a 1906 kuma har ya kai zauren Carnegie a Amurka. Abin da wasu ke kwana suna haddacewa, shi kallo ɗaya yake wa takarda ya zauna a kansa. To, mai irin wannan kai me zai sa ya wahalar da yatsu? Sai ya ci duniyarsa da tsinke: liyafa, sigari, hira cikin harsuna takwas, yau Faris gobe Madrid. In ya hau dandamali, maɓallin da ya kuskure sai ya rufe da kwarjini, jama'a su yi ta tafi. Shi da kansa bai ɓoye wannan ba da ya tsufa.

Abu biyu suka tona shi. Na farko na'urar ɗaukar sauti. A 1928 ya fara ɗaukar faifai sosai da kamfanin HMV a Ingila, kuma faifai ba ya ganin kwarjini, kuskuren da ka yi yau shi zai maimaita maka gobe da jibi. Na biyu, gaba da gabanta: wani saurayi makaɗin fiyano haifaffen Kiyef, Vladimir Horowitz, wanda Rubinstein ya girme shi da shekara 16, ya iso Turai ta yamma da yatsun da ba sa tuntuɓe. Rubinstein ya yi aure a 1932, ya fara tara iyali. A 1934, yana da shekara 47, sunansa ya riga ya zaga duniya, ya tattara ya tafi wani ƙauye a tsaunukan Faransa ya koma ɗalibi, yana bitar abin da ya shekara talatin yana kaɗawa, sa'o'i da yawa kullum. Na san manyan da ba za su iya wannan ba ko da an ɗaure su.

Na zaunar da yaron a wani benci a tsakar gidan, na ba shi abin kunne ɗaya na riƙe ɗaya. Akwai kaɗe-kaɗen Chopin da ake kira nocturne, wato kiɗan dare. Sau uku Rubinstein ya ɗauke su: a shekarun 1930, da wajen 1950, sannan a birnin Rum daga 1965, lokacin yana da shekara 78. Na sa masa guda ɗaya a ɗaukar farko. Ana jin shuu ɗin allurar garmaho, kiɗan kuma yana ɗan gaggawa, yana ja yana saki kamar doki mai jin ƙarfi. Sai na sa na tsufa. Hannun hagu yana tafiya daidai wa daida, kamar takun raƙumi, na dama kuma yana magana a kai, ba ado, ba neman a yaba. Inda saurayin ya ƙawata, tsohon ya wuce abinsa. Irin wannan ce ta kaset ɗina.

Yaron ya saurara har minti biyu cikin ladabi, sannan ya cire abin kunnen.

"Kawu, to yaushe zai fara waƙar?"

Na yi dariya har wata mai gadi ta leƙo. Ban ga laifinsa ba, ni ma tambayar da na yi ke nan a daren farko. Mu kiɗa ɗan rakiyar magana ne, ko kalangu ma magana yake yi. Na ce masa ya bi hannun dama kawai, ya ɗauka shi ne mawaƙin, na hagu kuma 'yan amshi. Ya mayar da abin kunnen ba don ya gamsu ba.

Da la'asar muka hau taragon lantarki zuwa arewacin gari, tashar Radegast. Ƙaramin gini ne na katako, da tsofaffin taragun kaya a tsaye kan dogo. Daga nan sojojin Hitila suka riƙa loda Yahudawan Łódź zuwa sansanonin kisa, dubbai bisa dubbai. Dangin Rubinstein da yawa sun halaka a yaƙin, shi yana Amurka. Tun 1914 ya daina wasa a Jamus, kuma bai sake ba har ya mutu. A 1945, a bikin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco, aka gayyace shi ya kaɗa. Ya duba tutocin bai ga ta Polan ba, sai ya faɗa wa jama'a haka, ya buga taken ƙasarsa da ƙarfi, zauren ya miƙe tsaye. A Radegast ba mu yi magana ba. Yaron ya ce shekararsa biyu a garin bai taɓa zuwa ba.

Horowitz, duk da yatsunsa, ya taɓa ƙaurace wa dandamali shekara 12, daga 1953 zuwa 1965. Rubinstein kuwa sai da ido ya gaza. Ya dawo Łódź ya yi wasa a 1975, wasansa na ƙarshe kuma a zauren Wigmore na Landan a 1976, yana da shekara 89, da ƙyar yake ganin maɓallan. Ya rasu a Janiba yana da 95, aka kai tokarsa kusa da Birnin Ƙudus. Zauren kiɗa na Łódź sunansa yake amsawa yanzu. Mun wuce ta gabansa da magariba, a rufe, muka ƙarasa shagon wani Baturke muka ci nama da gurasa, na yi salla a ɗakin yaron, na bar masa kilishi da yajin da uwarsa ta aiko.

Jirgin dare na biyo zuwa Warso, taragon ba kowa sai ni da wata tsohuwa mai saƙa safa. Mun kai rabin hanya wayata ta yi ƙara.

"Kawu, turo min na tsohon nan. Ba mai shuu ɗin ba, ɗayan. Ina da jarrabawa ran Talata."