Kamfanin Linde da Cinikin Iskar da Muke Shaƙa

A bara na yi jinyar kawuna a wani asibiti, kuma a dare biyun da na kwana gefen gadonsa idona bai bar kan doguwar tukunyar oksijin da aka jingina kusa da kansa ba. Duk bayan ɗan lokaci ma'aikaciyar jinya takan shigo ta dubi allurar agogon da ke wuyan tukunyar, idan ta ga ta yi ƙasa sai ta ce mana mu fara shirin kuɗin wata. Allah ya ba shi lafiya, amma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: me ya sa iskar da Allah ya shimfiɗa wa kowa kyauta take tsada haka da zarar ta shiga tukunya? Neman amsar ne ya kai ni ga tarihin Linde, kamfanin da ya fi kowane girma a duniya a harkar iskar masana'antu.

Wanda ya kafa shi, Carl von Linde, an haife shi a 1842 a yankin Bavariya na Jamus, kuma malamin injiniya ne a kwalejin fasaha ta Munich. Ba da iska ya fara ba, da sanyi ya fara. Masu dafa giya a wancan zamani sukan sassaro ƙanƙara daga tafkuna a lokacin hunturu su adana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, shekarar da hunturun bai yi tsanani ba kuwa sai sana'ar ta shiga matsala. Linde ya ƙera musu injin sanyaya da ke aiki da amoniya, sannan a 1879 ya kafa kamfanin injinan ƙanƙara a birnin Wiesbaden. A 1892 kamfanin Guinness na Dublin ya nemi ya ƙera masa na'urar mayar da iskar kabon ruwa, wannan aiki ne ya ja hankalinsa zuwa ga sanyi mai tsananin gaske, har a 1895 ya yi nasarar mayar da iskar sarari ruwa.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci. Idan ana dannan iska cikin taya, famfon yakan ɗauki zafi, idan kuma aka sako ta daga bakin tayar, sai ka ji ta da sanyi a hannu. Linde ya matse iska sosai, ya kawar da zafin, ya sake ta, sannan ya yi amfani da sanyin da ya samu wajen sanyaya iskar da ke biyo baya, haka aka yi ta zagayawa har ta fara ɗiga kamar ruwa. Iskar sarari kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin, sai agon da bai kai kashi ɗaya ba, kuma kowacce da inda take tafasa: oksijin a digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, agon a 186, naitirojin a 196. Wannan 'yar tazara ce ta ba shi damar rarrabe su a 1902, kamar yadda matatar mai ke raba fetur da kananzir. Masu walda da yankan ƙarfe ne suka fara zama manyan masu saye, daga baya masana'antun narka ƙarfe suka shigo da buƙata mai yawa ƙwarai.

Tarihin mallakar kamfanin yana da wani zagaye da ya burge ni. A 1907 an buɗe reshe a Amurka, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da uwar kamfanin, ya shiga cikin kamfanin Union Carbide na Amurka a 1917, daga nan aka ware shi a 1992 da sunan Praxair. Shi kuwa Linde na Jamus ya sayi BOC, wani kamfanin iskar masana'antu na Ingila, a 2006, ya rabu da sashen motocin ɗaga kaya, ya mayar da hankali ga iska. A 2018 ɓangarorin biyu suka sake haɗewa bayan fiye da shekara ɗari, kuma a 2023 cinikin kamfanin ya kai kimanin dala biliyan 33.

Abin da ya fi amsa mini tambayata shi ne yadda ake sayar da hajar. Kamfanin ba ya biyan ko kwabo don iskar da yake zuƙowa, abin da ke cin kuɗi shi ne wutar lantarkin da ke juya injinan matsewa dare da rana, sai kuma jigila. Manyan masu saye, irin su masana'antun ƙarfe da matatun mai, akan gina musu na'urar a jikin katangarsu a ja bututu, a ƙulla kwangilar shekara 15 ko 20 wadda za su biya ko sun sha ko ba su sha ba. Matsakaita, kamar manyan asibitoci, tanka ke kawo musu oksijin a matsayin ruwa, domin lita ɗaya ta ruwan takan ba da kusan lita 860 ta iska. Ƙananan masu saye, wato mai walda na bakin titi da ƙaramin asibiti, su ne ke amfani da tukunya, kuma su ne suka fi biya da tsada, tunda nauyin ƙarfen tukunyar ya ninka na iskar da ke ciki sau da yawa, ga shi dole a kai ta cike a dawo da ita wayam. Shi ya sa hajar ba ta yin nisa da inda aka tace ta, kuma shi ya sa 'yan kamfanoni kaɗan, Linde da Air Liquide na Faransa da Air Products na Amurka, suka mamaye kasuwar. A ganina wannan tsari yana da kyau ga masu hannun jari, amma yana barin wuraren da babu manyan masana'antu a baya, kamar yadda ƙarancin oksijin a asibitocin Indiya a 2021 ya nuna, inda rashin tankoki da nisan hanya suka taka babbar rawa.

Nijeriya ma tana da alaƙa da wannan tarihi. Kamfanin da aka kafa a Legas a 1959 da sunan Industrial Gases, wanda daga baya ya zama BOC Gases Nigeria, ya shiga ƙarƙashin Linde ne sanadin cinikin 2006. A 2021 kamfanin TY Holdings na Janar Theophilus Danjuma ya sayi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa, aka sauya masa suna zuwa Industrial and Medical Gases. Tun daga lokacin jinyar nan, duk sanda na ga babbar mota ɗauke da tukwane a jere an ɗaure su da sarƙa, nakan yi lissafin man da ta ƙona da wutar da aka kashe kafin a cika su, na kuma tuna allurar nan da take sauka a hankali kusa da kan kawuna.