Yadda Zotero ya raba ni da takardun cikin leda

Wallahi da ace tun shekarar farko ta mastas na san Zotero, manhajar tara takardun bincike da tsara rifirens, da ban sha wahalar da na sha ba. Aikina a kan masaƙun Kaduna ne, tun daga masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka buɗe a 1957 har zuwa lokacin da injinan Kakuri, unguwar masaƙun, suka yi shiru, to kun san irin wannan aikin rabinsa a Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ake yi, rabi kuma a Nashonal Akaif, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, ga hotunan takardu cike da waya, ga fotokwafi a cikin leda, ga PDF wanda sunansa kawai "download (7)". Ranar da supabaiza ya ce min "wannan maganar a ina ka samo ta?" sai da na kwana biyu ina nema, ban gani ba.

Wani abokina a Unguwar Rimi ne ya saka min Zotero a laftof. Kyauta ne, mutanen jami'ar George Mason a Amurka suka fito da shi a 2006, ana ba ka 300MB na ajiya a intanet, wanda gaskiya in kana tura PDF baya daɗewa yake cika, ni dai na kashe wannan na bar fayilolin a kwamfuta da filash.

Abin da ya fi burge ni shi ne folda. A Zotero takarda ɗaya tana iya zama a folda uku lokaci guda ba tare da ta zama kwafi uku ba, misali rahoto kan yajin aikin ma'aikata na saka shi a "Babi na 2" da "Ƙungiyar ƙwadago" da "Kakuri", in na gyara shekara a wuri ɗaya ko'ina ta gyaru. Sai tag, wato lakabin da kake manna wa takarda, nawa da Hausa nake rubutawa, "ban karanta ba", "na yarda da shi", "ƙarya ce wannan". Sannan akwai wajen da aka rubuta Related, nan kake ɗaura takarda da 'yar'uwarta, wanda ya yi magana da wanda ya mayar masa da martani, sai ka ga gardamar a jere kamar kana zaune a majalisa.

Amma fa ba sihiri ba ne. Makalar da ke da DOI, wato lambar shaidarta ta intanet, kana liƙa lambar ya cika komai da kansa, takardun akaif kuwa da hannu za ka shigar, lambar fayil da shekara da komai. Kuma ku kula da sunan marubuci, na taɓa saka Gwamnatin Jihar Kaduna a gurbi biyu, na sunan farko da na ƙarshe, sai ga shi ya fito min a tsarin rifirens na APA da "Kaduna, G. J." kamar wani malami ne, dole ka mayar da shi gurbi ɗaya.

Kuskuren da ya fi min ciwo, na danna Unlink Citations a Word, wanda ke raba rifirens da Zotero, kafin in tura wa Malam babi na uku, kuma ban ajiye kwafin asali ba. Da ya dawo da gyara duk rifirens ɗin sun zama rubutu zalla, sai da na sake saka su ɗaya bayan ɗaya, a daren da aka ɗauke wuta batir saura 18.