Littafin aro da mitar da ke ƙarya

Duk shekara, da 'yan aji biyu sun fara shigowa ɗakin gwaje-gwaje, sai ƙorafi iri ɗaya ya dawo min ta bakin 'yan aji huɗu: wai mu masu riƙe da sito mun cika rowa, mun mayar da kayan gwamnati namu, mitar awon lantarki guda ɗaya sai an cike takarda, an ajiye katin shaida, an sa hannu wuri biyu. Ni ma'aikacin fasaha ne a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a a nan jihar Kebbi, makullin sito yana hannuna, kuma ba na jin haushin wannan magana. Abin da nake so ɗalibi ya gane shi ne, ba ɓacewar kaya ce ta fi damuna ba. Kayan da ya ɓace na san babu shi. Wanda ke hana ni barci shi ne wanda aka lalata, aka goge shi tsaf, aka dawo min da shi ba a ce uffan ba.

Bari in fara da mita, tunda ita ce aka fi ara. Tana da ramuka da ake soka wayoyin awo: COM na baƙar waya, ɗaya na auna bolt da om (ma'aunin turjiya), sai biyu na auna kwararar wuta, ɗaya mai alamar mA, wani kuma 10A. Idan jar waya tana ramin bolt, mitar na da turjiya mai yawa ƙwarai, wajen om miliyan 10 a mitoci masu kyau, shi ya sa za ka ɗora ta a kan batir ko soket ba abin da zai faru. Idan kuwa tana ramin mA ko 10A, cikin mitar kusan waya ce miƙaƙƙiya, don an yi ta ne wuta ta ratsa ta cikinta. Yaro ya gama auna kwararar wuta, ya juya makunni zuwa bolt, ya manta bai mayar da jar waya ba, ya taɓa bakin batir. Ɗan fiyus da ke ciki ya tsinke. Sau da yawa ko ƙara ba a ji.

Mitar nan fa za ta ci gaba da kunnuwa, ta auna bolt daidai, ta auna om daidai, domin hanyarsu daban. Ɓangaren kwarara ne kawai ya mutu. Gobe wata ɗaliba ta karɓe ta, ta haɗa da'irarta, wato zagayen da wuta za ta bi, yadda littafi ya ce, ta saka mitar a jere, sai ta ga sifili, ƙwan ma ya ƙi kamawa saboda mitar ta yanke hanya. Ta warware, ta sake haɗawa, ta canja razista (ɗan abin da ke rage kwararar wuta), ta zargi allon haɗi, ta zargi kanta. Awa uku na firaktikal su ƙare. Na ga masu ƙwazo sun fita daga ɗakin nan suna ganin kansu dakikai a kan fiyus da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma, don kada a ce ba su yi ba, sai su lissafa amsar da dokar Om su rubuta ta a matsayin abin da suka auna, kuma daga nan ake koyon ƙirƙirar sakamako. Mita mai ɓoyayyen aibi daidai take da mudun da aka buga wa gindi a kasuwar Jega: kowa ya auna da shi ya cutu, kuma ba wanda zai ce ga ranar da abin ya fara.

Saboda haka ne ba na miƙa kaya ta taga in juya baya. A gabanka zan gwada, a gabanka kuma zan sake gwadawa ranar da ka dawo da shi. In ɗauki wata mita in auna tsakanin ramin mA da COM. In hanyar a yanke take, fiyus ya tafi. In duba alamar batir, domin ƙananan mitocin nan idan batirinsu mai bolt 9 ya yi sanyi sukan fara nuna adadi sama da gaskiya, ka ga batir mai bolt 12 ya zama 14 ko fiye. Duk wannan bai kai minti biyu ba. Kai ma kariya ce gare ka, don kada a ɗora maka laifin wanda ya riga ka.

Wanda ya zo ya ce min, "Malam, na ƙona fiyus," ban taɓa kai shi gaban shugaban sashe ba. Mu buɗe tare, in nuna masa abin da ya faru, in canja. Wanda ba na yafe wa shi ne mai dabara, wanda zai buɗe bayan mita a hostel ya naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus. Fiyus na mita mai kyau ba na gilashi ba ne irin na rediyo, na tangaran ne cike da yashi, don ya kashe tartsatsin wuta a cikinsa. In ka sa waya a gurbinsa, ranar da wani ya yi irin kuskuren nan a kan soket, mitar ce za ta fashe a hannunsa.

Kayanmu kashi uku ne, ko da ba a rubuta haka a bango ba. Akwai waɗanda in an ba ka ba a jiran su dawo: razista, ƙananan kafasita, dalma, guntayen waya. Akwai na aro: mita, ayan na narka dalma, allon haɗi, filaya, sukudireba, allon Arduino (ɗan allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi). Sai waɗanda ba sa ƙetare ƙofa ko wa ya aiko: osiloskop, na'urar samar da sigina, taransifoma mai juyi da ake rage wuta da ƙara ta, da duk abin da ke ɗakin injuna. In rukuni ne ya zo aro, sunan mutum ɗaya nake rubutawa, domin abin da aka ce na kowa ne, ranar biya ba a samun mai shi.

Osiloskop ya cancanci a tsaya a kansa. Yana zana maka siffar wuta a allo, kuma ranar farko da ɗalibi ya ga igiyar wuta tana hawa tana sauka, sai ka ga fuskarsa ta washe. A nan ne yake gane cewa bolt 230 da muke cewa na soket wani irin matsakaici ne, ƙololuwarsa tana kai wajen 325, kuma zagaye ɗaya yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Amma tsinken awonsa yana da ɗan maƙali mai bakin kada a gefe, kuma wannan maƙali a haɗe yake da jikin na'urar, jikin kuma a haɗe da wayar ƙasa ta filogi. Ba irin baƙar wayar mita ba ce da za ka maƙala duk inda ka ga dama. Ka maƙala shi a layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, ko a ƙafar negatif ta gadar dayod (mai mayar da wutar soket irin ta batir) da ke shan wuta kai tsaye daga soket, ka haɗa wuta da ƙasa ke nan ta cikin na'urar. In an yi sa'a tsinken ne zai narke. Osiloskop masu tsinken awo biyu ma maƙalansu duka a haɗe suke ta ciki, don haka in ka sa su wurare biyu daban ka gajarce tsakaninsu. Akwai masu ba da shawarar a cire ƙafar ƙasa daga filogi. Kada ka saurare su, domin jikin na'urar ne zai ɗauki wutar, hannunka kuma a kansa yake. Hanyar da ta dace ita ce a ciyar da abin da ake gwadawa ta taransifomar keɓewa, muna da ita, tambaya kawai za ka yi.

Akwai kuma ɗan makunni a jikin tsinken mai 1X da 10X, wanda in yana kan 10X yake rage siginar ninki goma kafin ta shiga na'urar. Rabin rahotannin da ke zuwa da amsa ninki goma sama ko ƙasa, daga nan ne.

Ɗakin injuna dokarsa ta fi tsanani, kuma ba na neman afuwa a kan haka. Wutar can mai layi uku ce, tsakanin layi da layi bolt 400 da wani abu. Jikin mutum yana fara jin wuta tun daga wajen miliamf 1 (kashi ɗaya cikin dubu na amf, ma'aunin kwararar wuta), a kusan 10 zuwa 20 hannu na iya ƙanƙamewa ya kasa saki, shi ya sa na'urar kariya ta gidaje take yankewa a 30. Ba a kunna komai sai ni ko malamin darasi ya bi haɗin da ido. Moton DC in wayar filin maganaɗisunsa ta kwance yana cikin gudu, gudun ƙaruwa yake yi har ya nemi tarwatsewa. Taransifomar auna kwarara ba a barin bakinta na biyu, wanda ake haɗa wa mita, a buɗe alhali wuta na bi ta na farko. Sai maganar sutura, wadda ita ce tamu ta gida. Babbar riga da kaftani mai faɗin hannu ba sa shiga, silifas ma haka. 'Yan mata kuma ba wanda ya ce su cire hijabi, amma a tura shi cikin rigar aiki a ɓalle maɓalli, domin sandar injin da ke juyi 1,500 a minti ba ta jiran ka janye gefen mayafi. In an kira azahar, a kashe benci daga babban makunni, a zare ayan. Ayan da aka bari a kan tebur ya sha cinye wayoyin awo.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, shi ya sa nake matsa wa mutane su mayar da murfin kowace na'ura. Iskar kuma a bushe take, jiki yana tara wutar gogayya, irin wadda kake ji in ka taɓa ƙofar mota. Tiransistocin da ake haɗa inbata da su, irin IRF3205, ƙafar da ake kunna su da ita ba ta jure fiye da bolt 20, abin da ke jikinka kuwa dubbai ne. Yaro ya zaro shi daga leda da yatsa, ya kashe shi kafin ya dasa, sannan ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokacin jabun ne, amma ba kullum ba. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mitar da aka bari a rana fuskarta takan yi baƙi ƙirin.

Rigima ta gaske tana zuwa ne a zango na biyu, lokacin da 'yan aji biyar suka tashi haɗa aikin kammalawa. Ina jin daɗin ayyukan da nake gani, domin da yawa daga ƙasar nan suka tsiro: na'urar lura da zafi da danshi a rumbun albasa irin na Aliero, famfon ban ruwa mai aiki da sola don shinkafar fadamar Argungu, abin da zai kashe firiza in wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima. Irin waɗannan dole a gwada su a gona ko a gida, don haka kaya za su fita daga makaranta. Wannan sai da takardar malamin da ke duba aikin, da lambar jikin na'ura, da ranar dawowa, in ba haka ba masu gadi ma ba za su bari ta wuce ba. Matsalar ita ce kowa sai saura mako biyu a kare aiki yake tunawa da mu, mutum goma a kan mita mai maƙata guda, wadda ake maƙala wa waya a auna kwarara. Wanda ya zo tun farkon zango yakan samu benci nasa, har in zauna da shi mu bi haɗin tare. Masu haɗa inbata kuma su riƙe wannan: manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe, wasu sama da bolt 300. A sauke ta ta cikin razista, a auna a tabbatar, ba a gajarce ta da sukudireba ba.

Abin da na lura, waɗanda suka shigo mana da difloma daga kwalejojin fasaha, irin ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko ta Ƙauran Namoda, hannunsu ya fi faɗawa da kaya, haka ma duk wanda ya taɓa zama shagon mai gyaran rediyo ko waya. 'Yan aji huɗu ma in sun dawo daga wata shida na koyon aiki a masana'anta sukan dawo da ladabin kaya, don can ba a yi musu wasa ba. In kana rukuni ɗaya da irin waɗannan, kada ka bar musu aikin kai kana rubuta lambobi. Karɓi wayar ka haɗa, su gyara maka.

Masu cewa ai gwamnati za ta sayo wani, su sani sayen kaya a jami'a ba aiken yaro kanti ba ne. Manyan na'urori galibi ta asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu suke zuwa, kuma tsakanin rubuta buƙata da isowar akwati ɗalibi na iya shiga ya gama. Hukumar jami'o'i ta ƙasa da majalisar COREN mai kula da aikin injiniya kuma idan sun zo tantance kwas, suna shiga ɗakunan nan, su duba abin da ke akwai da abin da ke aiki. Darajar takardar da za ka fita da ita tana rataye da wannan ziyara. Littafin aron nan kuma shi nake buɗewa ranar da ka kawo takardar sallama in sa maka hannu.

Shawarata ga duk wanda ya kai aji uku, ya tara kuɗi ya mallaki ƙananan kayansa: mita, allon haɗi, ayan, filaya mai yanka da abin tsotse dalma. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ke da nasa yana iya gwaji da dare a ɗakinsa. Ana samun su a shagunan kayan lantarki a Birnin Kebbi da Sakkwato, abin da ya gagara a yi saƙo Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas. Sai dai a kula, mitoci masu araha da yawa ramin 10A ɗinsu ba shi da fiyus sam, an ma rubuta a jiki, don haka a bar su a kan batir da ƙananan da'irori, kada a kai su allon rarraba wuta. In ka sayo, kawo ta sito ranar da babu firaktikal mu jera ta da mitar benci a kan batir ɗaya da razista ɗaya, ka san nawa take ƙarawa ko ragewa kafin ka fara rubuta sakamako da ita.